Injin wanki da masu gyaransa

A ƙarshen shekarar 1911, a wani ɗan gari mai suna St. Joseph da ke bakin tafkin Mishigan a ƙasar Amurka, wani mai suna Louis Upton da baffansa Emory, wanda makanike ne, suka buɗe ƙaramar masana'anta ta ƙera injin wanki mai aiki da lantarki. Jarinsu duka dalar Amurka 5,000 ne, shi ma wani ne ya zuba musu. Babban cinikinsu na farko ya zo daga kamfanin Federal Electric na birnin Shikago, wanda ya ce a kawo masa inji 100. Aka ƙera, aka kai, aka rarraba a gidaje. Ba a jima ba ƙorafi ya fara zuwa, domin injinan nan ɗaya bayan ɗaya sun tsaya cik, kuma ciwonsu guda ne. A cikin kowanne akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora da ke ɗaukar juyin moter ya kai shi ga ganga, an yi shi da ƙarfen zubi, shi kuwa ƙarfen zubi gautsi gare shi, da ya ji nauyin jiƙaƙƙen kaya sai haƙoran su karye. Masu masana'antar suka karɓi injinan, suka sauya wa kowanne faifai da na tataccen ƙarfe mai ƙwari ba tare da sun amshi ko kwabo ba. Ganin haka Federal Electric ya ninka odarsa zuwa 200. Wannan ƙaramar masana'anta ita ce a 1950 ta ɗauki sunan Whirlpool, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kayan gida na duniya.

Littattafan tarihin ƙere-ƙere sun fi son ba da labarin wanda ya ƙirƙiro da ranar da ya ƙirƙiro. Amma mai son fahimtar yadda injin wanki ya shiga gidajen wasu ƙasashe ya kasa shiga na wasu, gara ya bi shi ta wajen lalacewarsa da wanda ke tashinsa in ya faɗi, domin a nan ne ake ganin abin da na'urar ke bukata daga wurin da aka kai ta.

Kafin inji, wanki a Turai aiki ne mai cin kwanaki. A ƙauyukan Faransa har cikin ƙarni na 19, manyan mayafai da zannuwan gado tara su ake yi, a yi musu babban wanki sau biyu a shekara. A jera kaya cikin ƙaton baho na katako, a shimfiɗa ƙyalle a sama, a zuba tokar itace, sa'an nan a yi ta kwarara tafasasshen ruwa yana ratsa tokar yana bi cikin kayan, a tare shi a ƙasa, a sake tafasawa, a sake zubawa, yini guda cur. Duk wanda ya ga yadda ake tace ruwan toka a ƙasar Hausa don yin sabulun salo ya san sirrin: ruwan toka yana narkar da maiƙo. Kashegari a kwashi kayan zuwa rafi a buga, a ɗauraye, a matse. Annobar kwalara ta 1832 da ta 1849 ta sa hukumomi suka shiga maganar, har a ranar 3 ga Fabrairun 1851 majalisar dokokin Faransa ta ware faran 600,000 don taimaka wa garuruwa su gina wuraren wanki na jama'a. Waɗannan rumfuna na bakin ruwa, da har yanzu ake ganin kufansu a ƙauyuka da dama, su ne dandalin mata na wancan zamani, can ake jin labarin gari, can ake faɗa, can ake shiryawa. Malaman da suka koyar da littafin L'Assommoir na Emile Zola, wanda ya fito a 1877, za su tuna cewa Gervaise mai wanki da guga ce, kuma dambenta na farko a gidan wanki aka yi shi.

Wanki kuma sana'a ce da ta ciyar da dubban mutane, akasari waɗanda aka rufe wa sauran ƙofofi. A birnin Atlanta na Amurka, a watan Yulin 1881, shekara 16 kacal bayan soke bauta, mata baƙar fata 20 masu wankin kayan turawa suka kafa ƙungiya suka shiga yajin aiki, suna neman a riƙa biyansu dala ɗaya a kan duk kayan da nauyinsu ya kai wajen kilo biyar da rabi. Suka bi gida-gida da coci-coci suna kira, cikin mako uku yawansu ya kai 3,000. An kama wasu, an ci wasu tara, hukumar gari ta yi barazanar ɗora wa kowacce harajin dala 25, su kuwa suka aika da takarda cewa za su biya muddin sana'ar ta zama a hannunsu. A Afirka ta Kudu, a ƙarshen ƙarnin, mazan Zulu ne da ake kira AmaWasha suka riƙe wankin birnin Johanasbag, sun haura dubu, har sai da manyan gidajen wanki masu aiki da tururi da dokokin hukumar gari suka tura su bayan gari, sana'ar ta mutu a hannunsu. Namiji mai wanki ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. A Abijan akwai fanico na rafin Banco, akasarinsu ƴan ci-rani daga ƙasashen Sahel, masu buga kaya a kan dutsen da aka kafa cikin tsohuwar taya, a Yamai kuma ga masu wankin bakin kogi da ke shanya kaya a gaɓa. Ke nan duk inda inji ya shiga, ya iske mai aikin a wurin, kuma farashin wannan mai aikin na daga cikin abubuwan da ke yanke ko za a sayi injin ko za a bar shi a kanti.

Injinan farko na katako ne, da hannu ake juya su. Wani limamin coci Bajamushe na garin Regensburg, Jacob Christian Schäffer, ya buga bayanin nasa a 1767. A Amurka an ba Nathaniel Briggs takardar mallakar ƙirƙirar wani injin wanki a 1797, sai dai gobarar da ta cinye ofishin ajiye irin waɗannan takardu a 1836 ta tafi da zanensa. Abin lura shi ne inda manyan sunayen suka fito. Carl Miele da Reinhard Zinkann sun kafa kamfaninsu a Jamus a 1899 don ƙera injin raba madara da maiƙonta da kuma injin kaɗa man shanu, ba a yi shekara uku ba suka lura cewa bahon da ke kaɗa nono zai iya kaɗa riga cikin ruwan sabulu. Frederick Maytag na garin Newton a jihar Ayowa kayan noma yake ƙerawa tun 1893, ya shiga injin wanki a 1907 don ma'aikatansa su sami abin yi a lokacin da cinikin kayan gona ke kwanciya. Na'urar ta fito ne daga hannun maƙeran karkara, kuma ciwonta na karkara ne. In aka bar bahon katako ya bushe, sai allunan su tsuke ya riƙa yoyo, shi ya sa ake barin ɗan ruwa a ciki tsakanin wanki da wanki. In mariƙi ya karye, kafinta ko maƙerin gari ya isa. Ba a bukatar wani gwani daga nesa, domin babu abin da ke ɓoye a cikinta.

Shigowar lantarki ce ta sauya wannan. Tun wajen 1904 ake tallan injin wanki mai moter a jaridun Amurka, amma wanda ya yi suna shi ne Thor na kamfanin Hurley a Shikago, wanda Alva Fisher ya sami takardar mallakarsa a 1910. Moter ɗin a ƙarƙashin baho yake, a buɗe, ruwa na ɗiga masa, don haka wuta takan ja mai wanki ko moter ya ƙone. A saman bahon kuma akwai gungume biyu na roba masu juyawa da ake cusa kaya tsakaninsu don matse ruwa. Da hannu ake juya su a da, in yatsa ya shiga sai a tsaya. Da aka haɗa su da moter suka daina tsayawa, suka riƙa cin yatsu da gashin mata da hannuwan yara, har likitoci suka ba irin raunin suna nasa na musamman. Sai daga baya aka sa musu maɓallin da ke sakin gungumen in an doke shi.

Lantarkin ma na birni ne. A tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya ce cikin goma a Amurka ke da wuta. Maytag, da ya san abokan cinikinsa manoma ne, tun 1915 ya ɗaura wa injinsa ƙaramin moter mai shan fetur, matar gida ta taka shi ya tashi kamar babur, a fitar da bututun hayaƙi ta taga. Manomi kan kwance moter ɗin ya haɗa shi da wani aikin, in ya ƙi tashi kuma shi da kansa zai goge fulogi ya duba mai. A 1922 injiniyan kamfanin, Howard Snyder, ya fito da wani maburgi da ke zaune a gindin baho yana tura ruwa cikin zaren tufa maimakon goga tufar a jikin katako, aka sa wa injin suna Gyrafoam, cikin ƴan shekaru ya ɗora Maytag a gaban kowa. Sayarwa ma ta zama fasaha. Dillalai na bin gida-gida su yi wa matar gida wankin mako kyauta, su bar mata injin, a biya kaɗan-kaɗan duk wata. Kamfanin Sears, mai aika kundin kayansa ta gidan waya har ƙauyen da ya fi kowane nisa, ya fara sayar da injinan Upton a 1916. A 1928 an sayar da inji 913,000 a Amurka. Da tattalin arziki ya karye, adadin ya sauka zuwa wajen 600,000 a 1932, kuma cikin wannan ƙuncin ne, a 1934, wani mutum a garin Fort Worth na jihar Tekzas ya jera inji huɗu a shago yana ba da hayarsu da awa ga waɗanda ba su iya saye. Daga nan gidajen wanki na wanke-da-kanka suka samo asali.

A 1937 kamfanin Bendix ya fito da injin farko na gida da ke yin komai da kansa: ya ɗebi ruwa, ya wanke, ya zubar, ya ɗauraye, ya matse ta hanyar juya ganga da gudu. Kuɗinsa kusan dala 250, kuma dole a ɗaure shi da ƙusoshi a daɓe, in ba haka ba lokacin matsa sai ya yi ta tsalle yana yawo cikin ɗaki. Maganin da aka samo daga baya, wanda har yau ake amfani da shi, shi ne a rataye gangar da sifirin a kuma ɗaura mata tubalan kankare, abin da ya sa injin zamani ke da nauyin da ƙarti biyu ke nishi kafin su ɗaga shi. Sai dai kowane aiki da aka ɗauke wa hannun mutum, sai da aka ƙara wata gaɓa a cikin injin da za ta yi shi. Ga bawul mai buɗe ruwa da lantarki, ga famfo mai zuƙe shi, ga agogo mai ba kowane aiki lokacinsa, ga robar bakin ƙofa, ga boris ɗin da ganga ke juyawa a kai. Kowace gaɓa da irin mutuwarta. Matar gida ta huta da tsayuwa kan baho, amma daga ranar ta shiga hannun wani sabon mutum, mai zuwa da akwatin sifana da takardar zanen wayoyi. Gyaran kayan gida ya zama sana'a mai makaranta, kamfanoni suka gane cewa ba a sayar da inji a garin da babu mai gyaransa da shagon kayan gyaransa. Da yaƙin duniya na biyu ya sa aka dakatar da ƙera injinan daga 1942 zuwa 1945, masana'antun suka koma kayan soja, masu gyara ne suka riƙe tsofaffin da ke gidaje.

Maytag ya mayar da wannan mutum abin talla. Daga 1967, ɗan wasan kwaikwayo Jesse White ya riƙa fitowa a talabijin da rigar mai gyaran Maytag, yana zaune shi kaɗai cikin kaɗaici, wai ba mai kiransa tun da injin ba ya lalacewa. Ya yi shekara 21 a wannan matsayi. Tallar ta yi nasara domin kowa ya san kishiyarta daga gidansa. Ba ta hana kamfanin faɗuwa ba: a 2006 Whirlpool, jikan waccan masana'anta mai karyayyen faifai, ya saye Maytag, a 2007 aka rufe masana'antar Newton.

Turai ta biyo baya da jinkiri. A Paris, tun 1923 ake yin bajekolin kayan aikin gida na shekara-shekara, jama'a na cika wurin suna kallo, amma a 1954 gidajen Faransa masu injin wanki ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sai da famfo da lantarki suka ratsa ƙauyuka, albashi ya tashi, bashi ya yi sauƙi, kamfanonin Italiya irin su Candy, wanda iyalin Fumagalli suka fara a Monza a 1945, suka karya farashi, sa'an nan adadin ya kai wajen bakwai cikin goma a tsakiyar shekarun 1970. A 1972 kamfanin Vedette ya ɗauko wata tsohuwa ƴar shekara 79 daga Normandi, Jeanne Le Calvé, wadda ta yi shekaru tana wankin kayan mutane a bakin rafi, ya sa ta a talabijin da sunan Mère Denis tana yaba injin. Ta zama ɗaya daga cikin fuskokin da aka fi sani a Faransa. Da wuya a sami hoton da ya fi wannan dacewa da zamanin: sana'ar da ke mutuwa aka kira ta ba magajinta shaida.

Amma injin da ya fi dacewa da ƙasashe masu ƙarancin ruwa da wuta ba daga Turai ko Amurka ya bunƙasa ba. A 1953 kamfanin Sanyo na Japan ya fitar da ƙaramin inji mai faifai guda da ke kaɗa ruwa, a kan yen 28,500, wajen rabin kuɗin waɗanda suka riga shi. Japanawa suka lissafa injin wanki da firji da talabijin a matsayin dukiya uku da kowane gida ke buri. Daga wannan zuriya aka sami inji mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa, wanda Ingila ma ta yi yayinsa a ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960. Mai baho biyu ba ya neman famfo mai ƙarfi, da bokiti ake cika shi. Ba ya zafafa ruwa, saboda haka wutar da yake ja kaɗan ce. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, sai a tsame kaya a ƙarasa da hannu, ba kamar mai ƙofa a gaba ba, wanda kan kulle kayan mutum a ciki da ruwansu. Cikinsa kuwa moter biyu ne, da ɗamarar roba, da kwandansater, da agogo mai waini. Turawa sun daɗe da barinsa, amma masana'antun Asiya na ci gaba da ƙera shi, kuma shi aka fi gani a kasuwannin Afirka da kudancin Asiya.

Kamfanin Haier na ƙasar Sin yana da wani labari da ya shiga makarantun kasuwanci. A 1996 wani manomi a lardin Sichuan ya kai kuka cewa bututun zubar da ruwa na injinsa kullum a toshe. Mai gyara ya je ya iske dankali ake wankewa a ciki, laka ce ke toshe bututun. Maimakon a rubuta cewa laifin mai saye ne, sai kamfanin ya ƙera wani inji mai faɗin bututu da zai wanke tufa ya kuma wanke dankali. Ko da an yi wa labarin kwalliya wajen maimaitawa, abin da yake nunawa gaskiya ne, wato mai gyara ne kaɗai ma'aikacin da ke ganin na'ura a inda take zaune. A 2019 Haier ya kammala sayen Candy.

Masana sun yi gardama kan ko injin ya ƴanta mata. Masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Suwidin, Hans Rosling, a wata lacca ta 2010, ya ƙiyasta cewa mutum biliyan biyu ne kawai cikin biliyan bakwai na lokacin ke da hanyar samun injin wanki, ya kuma ba da labarin yadda injin ya ba mahaifiyarsa lokacin zuwa laburare da karanta masa littafi. Tun 1983 kuwa masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan ta nuna ɗaya gefen a littafinta More Work for Mother: kayan da ake kai wa mai wanki ko gidan wanki sun dawo gida kan matar gida ita kaɗai, kuma da wanki ya yi sauƙi sai aka fara sauya riga kullum, tulin ya ƙaru. Duka biyun suna da hujja. Malamin da ya san dalilin da ke sa ƴan mata zuwa lakkwal a makare, ko su ƙi zuwa ranar da aka yi dogon layi a famfo, zai fi karkata ga Rosling, tare da sanin cewa a wurinsa ɗaukar ruwan ce babbar wahala kafin a zo ga cuɗa kayan.

Daga shekarun 1990 farashin inji ya yi ta sauka, gyaransa ya yi ta wuya. Agogo mai haƙora da ake iya buɗewa a goge ya ba da wuri ga katin lantarki, wanda in ya ƙone sai dai a sauya shi ɗungurungum, kuɗinsa kuma kan ɗauki kaso mai yawa na kuɗin sabon inji. Mafi muni shi ne bahon roba da ke kewaye da ganga. A da gida biyu ne da aka haɗa da ƙusoshi, in boris ya mutu, injin ya fara ruri kamar jirgi lokacin matsa, sai a kwance a sa sabo da kuɗi kaɗan. Kamfanoni da yawa suka koma liƙe gidajen biyu da zafi, ta yadda mutuwar ɗan boris ke nufin sauya baho da ganga gaba ɗaya, mai gida ya yi lissafi ya ga gara ya sayi sabo. Wani rahoto da ƙungiyar HOP ta Faransa ta fitar a 2019 tare da kamfanin gyara na Murfy ya nuna cewa tsawon amfanin injin wanki ya sauka daga shekara 10 a 2010 zuwa 7 a 2018. Faransa ta riga ta yi doka a 2015 da ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi mai hukuncin ɗaurin shekara biyu da tarar yuro 300,000, ko da yake tabbatar da niyya a gaban alƙali ba ƙaramin aiki ba ne. Daga 1 ga Janairun 2021 aka wajabta liƙa wa injin wanki mai ƙofa a gaba maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransa, bisa ga samuwar takardun bayani, da sauƙin kwancewa, da samuwar kayan gyara da farashinsu, a watan Afrilun 2025 kuma aka maye gurbinsa da makin ƙarko. Tarayyar Turai, daga 1 ga Maris na 2021, ta tilasta wa masu ƙera injin su ajiye kayan gyaransa har shekara 10 bayan sayar da na ƙarshe, su kuma kawo su cikin kwana 15 na aiki.

Waɗannan dokoki sun tsaya a bakin teku. Injin da aka fitar daga wani gida a Turai saboda kuɗin gyara ya yi yawa, sau da dama yakan hau kwantena tare da tsofaffin firji da talabijin, ya sauka a Lome ko Kwatano, ya zama cikin kayan da ake wa laƙabi da France au revoir, ko Beljiyam a bakin mutanen Najeriya. Tun rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da ke nufin Yamai suka koma bin doguwar hanya ta Togo da Burkina Faso. Injin ya iso ba takardar garanti, ba littafin bayani, kuma ya iske yanayin da ba a ƙera shi dominsa ba. An gina shi bisa zaton famfo mai ƙarfi dare da rana, alhali a Damagaram ƙarancin ruwa tsohon zance ne, kuma lita 50 da yake sha a wanki guda bidon biyu ne na mai ga-ruwa. An gina shi bisa zaton wuta mai tsayuwa a wuri guda, alhali hawa da saukar kuran, musamman dawowarsa da ƙarfi bayan ɗaukewa, shi ne babban makashin kati. Ƙarfen zafafa ruwansa kaɗai na jan wat wajen 2,000. Ƙididdigar Bankin Duniya ta wajen 2022 ta nuna mutum ɗaya ne cikin biyar a Nijar ke da lantarki, kuma a watan Agustan 2023 Najeriya, wadda a lokacin ke ba NIGELEC wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da yake rabawa, ta yanke layin har zuwa farkon 2024. Ga rairayi da ke fita daga tufafi ya taru a famfo ya ci robar da ke kare boris. Wanda aka kawo daga Amurka kuwa na wuta 120 ne, a jona shi a 220 ya ƙone nan take.

Kayan sawa ma suna da ta cewa. An auna cikin ganga da rigunan turawa da tawul. Babbar riga ta shadda mai aiki a wuya ba a jefa ta cikin inji, domin ƙyallinta daga sitaci da bugu yake fitowa, kuma mabuga da gungumensu da sandunansu ba su da magaji cikin na'urorin da aka ƙera zuwa yau. Haka dutsen guga. Henry Seeley ya sami takardar mallakar na lantarki a birnin New York tun 1882, amma mai wanki da guga a Maraɗi ko Tawa da ya yi alkawarin kaya kafin sallar Juma'a ba ya rabuwa da na gawayi.

Mai gyara a nan, wanda sau da yawa shi ne mai gyaran firji da fanka, yana aiki ne da kunne da ido fiye da takarda. Inji ya yi gunji bai juya ba, sai ya fara zargin kwandansater. Moter na gudu ganga na tsaye, ɗamara ce ta saki ko ta tsinke. Ruwa ya ƙi fita, ya buɗe famfo ya ciro tsabar kuɗi ko fil ɗin ɗankwali. Ruri lokacin matsa, boris ne, wanda makanikai ke kira rulma. Abin da masana'anta ta liƙe don kada a buɗe, shi yakan sa zarto ya raba, ya sauya boris, ya mayar ya ɗaure da ƙusoshi da gam, aikin da a Turai kuɗin awannin ma'aikaci ya hana a yi. Moter ɗin da ya ƙone akan sake naɗa masa waya. Kayan gyaransa kuwa gawar wani injin ce da ke jingine a bayan shago. Wanda ya gagara gaba ɗaya sai ya nufi wurare irin kasuwar Katako ta Yamai, inda ake kwance shi gaɓa-gaɓa: tagullar moter ga masu awo, gorar ruwa ga masu zubin tukwane, gangar da ba ta tsatsa, mai ɗaruruwan huji a jiki, ga mai neman murhun gawayi.